Yadda Ake Zama Lauyan Harkar Jirgin Ƙasa, Daga Aji Zuwa Bakin Layi

Wani kamfani a Ostareliya ya sayar da injina cike da kwantena 10 ga wata masana'anta da ke kusa da Huntsville a jihar Alabama ta Amurka. Kaya suka haye teku lafiya, aka sauke su a tashar ruwa ta Savannah, aka ɗora wa jirgin ƙasa na Norfolk Southern. A hanya jirgin ya goce daga kan layi, mai kaya ya ce asararsa ta kai dala miliyan 1.5. Da magana ta isa Kotun Ƙolin Amurka a 2004, sai kotu ta ce ai wannan shari'ar teku ce, ko da yake a kan tudu aka yi ɓarnar, domin takardar da aka ɗauko kayan da ita ta jirgin ruwa ce, kuma ta haɗa tafiyar tun daga Sidni har Huntsville. A cikin takardar akwai sashen da ya taƙaita diyya zuwa dala 500 a kan kowane ƙunshi, ya kuma ce wannan sassauci ya shafi duk wanda aka ba wani yanki na dakon. Kamfanin jirgin ƙasan bai sa hannu a takardar ba, amma ya fake da ita, kotu kuma ta ce yana da wannan damar.

Wannan shari'a, wadda lauyoyi ke kira Kirby, ta isa ta nuna maka irin aikin da kake nema. Babu wani littafi guda da za ka haddace a ce ka san dokar jirgin ƙasa. Dokar kwangila ce, da ta diyya, da ta filaye, da ta ƙwadago, da ta inshora, da ta gasar kasuwanci, duk suka taru a kan layi ɗaya. Abin da ke raba lauyan wannan fanni da sauran lauyoyi tambaya ce guda wadda ba ya gajiya da yi: a daidai lokacin da abin ya faru, wa ke riƙe da me, kuma da wace takarda? Layi na wani ne, kan jirgi na wani, taragai na wani, direba ma'aikacin wani, kaya na wani. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na koyon amsa wannan tambayar.

Mataki na farko: karatu

Ƙofar shiga ita ce wadda kowane lauya ke bi: digirin shari'a, horon aikin lauya, sannan rantsuwa. A Amurka sai ka yi digiri a wani fanni kafin shekara 3 na karatun shari'a, a ƙasashe da dama kuwa kai tsaye ake shiga daga sakandare. Da wuya ka samu jami'ar da ke koyar da dokar jirgin ƙasa a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma kada hakan ya dame ka. Ka riƙe kwangila da dokar sakaci da kyau. Ka ɗauki inshora, filaye, ƙwadago da dokar karayar kamfani. Idan akwai darasin dakon kaya ta ruwa, ka shiga, saboda kwantena ta ɗaure jirgin ruwa da na ƙasa wuri guda.

Darasin da nake ganin ɗalibai sun fi rainawa shi ne dokar da ke tafiyar da hukumomin gwamnati, alhali jirgin ƙasa ne ya haife ta a wasu ƙasashe. Hukumar ICC da Amurka ta kafa a 1887 don sa ido a kan kuɗin dako ita ce hukumar sa ido ta tarayya ta farko a ƙasar. Rabin rayuwarka a wannan aiki za ka yi ta ne gaban hukuma, ba gaban alƙali ba.

Mataki na biyu: ka san jirgin kansa

Nan ne lauyoyi da yawa ke ƙyashin ba da lokaci, nan ne kuma ake gane wanda ya iya da wanda ke lalube. Ba injiniya ake so ka zama ba. Ana so ne idan injiniya na ba da shaida, ka gane inda maganarsa ta yi rauni.

Fara da faɗin layi. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ba ɗaya ba ce a duniya. Milimita 1,435 ita ta fi yawa, a kanta yawancin Turai da Amurka da Sin suke. Rasha da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat suna kan 1,520. Tsofaffin layuka da dama a Afirka suna kan 1,067 ko 1,000. Duk inda faɗi ya sauya, ko dai a sauya ƙafafun tarago ko a sauke kaya a ɗora wa wani, kamar yadda ake yi a iyakar Sin da Kazakistan da kuma iyakar Belarus da Polan. Inda aka taɓa kaya kuwa, nan ake fara gardamar a hannun wa suka lalace.

Sai birki. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa zai iya cin kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya, kuma direbansa ba shi da sitiyarin da zai kauce wa wani abu. Lauyan da ya miƙe yana tambayar me ya sa direba bai tsaya ba da ya hango mota a kan layi, ya ɓata tambayarsa. Masu amfanin su ne: a ina ya fara danna oda, shingen mahaɗar ya sauka ko bai sauka ba, fitilar gargaɗi tana aiki, ciyawa ko gini sun tare wa mai mota gani, nawa ne gudun da aka yarda a wannan yanki.

Abin da ya faru a Lac-Mégantic na ƙasar Kanada ranar 6 ga Yuli, 2013 ya kamata kowane mai koyo ya karanta shi layi-layi. An ajiye jirgi mai taragan ɗanyen mai 72 a kan gangara a Nantes, kimanin kilomita 11 daga garin, babu kowa a ciki. Direba ya ɗaure birkin hannu 7, ya bar inji ɗaya a kunne don ya riƙa cika birkin iska. Da dare wuta ta kama injin, 'yan kwana-kwana suka kashe ta, suka kashe injin kamar yadda ƙa'ida ta ce. Iska ta riƙa zurarewa a hankali, birkin hannun nan 7 suka kasa riƙe nauyin, jirgi ya gangara cikin gari ya goce ya kama da wuta, mutum 47 suka rasu. Wanda bai san bambancin birkin iska da na hannu ba, ba zai iya yi wa kowa tambaya a wannan shari'ar ba. Ba zai kuma fahimci dalilin da ya sa hukumar binciken haɗurra ta Kanada ta lissafa dalilai 18, ba ɗaya ba.

Ta yaya ake koyon wannan? Ka nemo littafin ƙa'idojin aiki na kamfanin da ke yankinka, wanda ake ba direbobi da masu sigina, ka karanta shi da biro a hannu. Ka karanta rahotannin binciken haɗurra na NTSB ta Amurka da RAIB ta Birtaniya da TSB ta Kanada, duk suna intanet kyauta, kuma an rubuta su ne don wanda ba injiniya ba ya gane. Sannan ka nemi tsohon direba ko mai duba taragai da ya yi ritaya ka zauna da shi. Shi zai gaya maka abin da littafi ya ce da abin da ake yi da ƙarfe 3 na dare idan ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne yawancin shari'o'i ke fitowa. Idan an ba ka damar shiga garejin jirage ko filin haɗa taragai, ka yi horon tsaro tukuna, ka sa rigar da aka ba ka, kada ka taka layi sai da ɗan rakiya. Tarago da aka saki yana tafiya kusan babu ƙara.

Mataki na uku: gano tsarin ƙasar da kake aiki

Kafin ka buɗe kowane fayil, ka san yadda aka tsara reluwe a ƙasar, domin tsarin ne ke gaya maka wa za ka kai ƙara, kuma gaban wa.

A wasu ƙasashe komai na gwamnati ne. Indiya misali ce, har ma ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin dokar 1987 don sauraron neman diyyar kaya da ta fasinjoji. Wanda ya kai irin wannan ƙarar kotun da ba ta da hurumi, ya yi asarar lokaci.

A Amurka da Kanada kamfanoni masu zaman kansu ne suka mallaki yawancin layi da jiragen kaya duka. A Amurka dokar Staggers ta 1980 ta sakar musu mara, ta ba su damar ƙulla kwangilar sirri da masu kaya. An rushe ICC a ƙarshen 1995, hukumar STB ta gaje ta daga 1996, ita ke duba kuɗin dako da haɗewar kamfanoni da rufe layi, tsaro kuwa yana hannun wata hukumar daban mai suna FRA. A Maris 2023 STB ta amince Canadian Pacific ya haɗe da Kansas City Southern, manyan kamfanonin suka koma 6. Irin wannan haɗewa takan ci shekaru, kuma kowane mai hatsi ko mai sinadari da ke tsoron zai rasa zaɓin mai dako yana buƙatar lauyan da zai tsaya masa gaban hukumar.

Turai ta bi wata hanyar. Tun daga umarnin Tarayyar Turai na 1991 aka fara raba mai layi da mai jirgi, don kamfanoni da dama su yi gasa a kan layi ɗaya. Birtaniya ta fi kowa zurfafawa da dokar 1993, wadda ta daddatsa British Rail, kamfanin reluwe na gwamnati, gida-gida. Ga abin da wannan ya haifar wa lauya: kowane kamfanin jirgi yana da kwangilar shiga layi da mai layin, hukumar ORR mai sa ido kan reluwe a Birtaniya ce ke amincewa da ita, kuma duk jinkirin da ya kai minti 3 sai an rubuta shi a kan sunan wani. Idan sigina ce ta lalace, mai layi zai biya. Idan ƙofar tarago ce ta maƙale, kamfanin jirgin zai biya, har da jinkirin jiragen da suka taru a bayansa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan kullum, rabon laifin mintoci, kuma kuɗin da ke yawo a ciki ba kaɗan ba ne. Yanzu kuma ƙasar ta juya: dokar 2024 ta fara mayar da jiragen fasinja hannun gwamnati, South Western Railway ne ya fara komawa a Mayu 2025. Sayarwa aikin lauya ce, karɓowa ma haka.

Tsari na huɗu shi ne gwamnati ta riƙe mallakar layi ta ba kamfani ya gudanar na wasu shekaru. Haka aka yi da Sitarail tsakanin Kwaddibuwa da Burkina Faso a 1995, da Camrail a Kamaru a 1999.

Mataki na huɗu: zaɓi gefen da za ka zauna

Wuraren aiki sanannu ne: hukumar sa ido, sashen shari'a na kamfanin jirgi, ofishin lauyoyin da ke kare kamfanoni da masu inshora, ofishin da ke tsaya wa waɗanda suka ji rauni, ɓangaren masu kaya, ko bankuna da masu ba da hayar taragai. Shawarata ga mai farawa ita ce ya yi shekara 2 ko 3 a hukuma ko a sashen biyan diyya na kamfani. Albashin ba lallai ya kai na babban ofishi ba, amma a nan za ka ga takardun da na waje ke shan wahala kafin a nuna musu, ka kuma san wanda ke yanke shawara a zahiri.

Ka sani fannin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Kamfanin da ka maka a kotu bana da wuya ya ɗauke ka baɗi, kuma ofishin da ke kare kamfani ba zai iya karɓar ƙarar ma'aikacinsa ba. Ka yanke shawarar gefenka da wuri, ka riƙa duba ko muradin wanda ya zo maka ya ci karo da na wanda kake wa aiki kafin ka saurari sirrin kowa.

Mataki na biyar: shari'ar kaya

Wannan ce gurasar yau da kullum, kuma a nan sabon lauya ke fara gwada hannunsa. Mai kaya zai shigo ransa a ɓace, ya ce an lalata masa kaya. Kada ka fara da labarinsa. Ka ce ya ba ka takardar dako, ka karanta gaba da baya, har ƙananan rubutun.

Abu na farko da za ka gano shi ne dokar da ke mulkin tafiyar. Idan a cikin ƙasa ɗaya ce, dokar ƙasar ce. A Amurka ita ce gyaran doka na 1906 mai suna Carmack, wanda ya ɗora wa mai dako ainihin asarar kaya, sai dai in an ƙulla wata kwangila da ta rage. Idan kaya sun tsallaka iyaka a Turai ko wasu ƙasashen Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙa'idojin CIM ne, waɗanda ke cikin yarjejeniyar COTIF ta 1980, ƙarƙashin ƙungiyar OTIF mai mazauni a Bern ta Suwizalan. Asalinsu tsoho ne, tun yarjejeniyar Bern ta 1890. Daga Rasha zuwa Sin kuwa wata yarjejeniya ce daban mai suna SMGS, ta 1951. Jirgin da ya taso daga Sin zuwa Jamus yakan ratsa tsarin biyu, shi ya sa aka fito da takardar haɗin gwiwa a 2006. Takarda ɗaya ce, amma dokokin suna nan biyu, don haka sai ka gano a wane yanki ɓarnar ta faru.

A ƙarƙashin CIM, mai dako ne ke da alhaki daga karɓar kaya zuwa miƙa su, ba sai ka tabbatar da sakacinsa ba. Amma yana da mafita: kaya a buɗaɗɗen tarago, ɗaurin da bai yi kyau ba, lodin da mai kaya ya yi da kansa, ko kayan da ɗabi'arsu ce lalacewa. Shi ya sa tambayar wa ya yi lodi take da nauyi sosai. Diyya kuma tana da rufi: 17 na ma'aunin kuɗin SDR na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a kan kowane kilo. Ga mai siminti wannan ya wadatar. Ga mai kayan lantarki marasa nauyi masu tsada, asara ce babba, kuma gara ka gaya masa tun ranar farko. Diyyar jinkiri ba ta wuce ninki 4 na kuɗin dako. Rufin yana faɗuwa ne kawai idan ka nuna an yi ɓarnar da gangan, ko da ganganci alhali an san mai yiwuwa ne a yi asara, kuma tabbatar da wannan ba wasa ba ne.

Ga tarkon da ya fi cin mutane. Idan mai karɓa ya sa hannu ya ɗauki kaya ba tare da an rubuta rahoton ɓarna ba, haƙƙinsa ya faɗi. In ɓarnar ɓoyayya ce wadda ba a gani sai an buɗe, kwana 7 kawai yake da su. Don haka idan aka kira ka daga tasha, abin da za ka ce shi ne: kada a sa hannu, a kira wakilin kamfani ya rubuta rahoto, a ɗauki hoton hatimin ƙofa da lambar tarago kafin a buɗe.

Mataki na shida: ranar da aka yi haɗari

Layin da aka rufe asara yake ja kowace awa, saboda haka kamfani zai so ya share wuri ya gyara ƙarfe jirage su ci gaba. Wannan ba mugunta ba ce, amma tana nufin hujja na ɓacewa da sauri. Idan kana gefen waɗanda abin ya shafa, aikinka na farko wasiƙa ce, a ranar, wadda ke neman a adana komai. Ka ambaci abubuwan da sunansu: na'urar da ke naɗar gudu da birki da oda a kan jirgi, hotunan kyamarar gaba da ta cikin ɗakin direba, maganganun rediyo tsakanin direba da ɗakin kula da zirga-zirga, bayanan sigina, jadawalin aikin direba na makonnin baya, sakamakon gwajin barasa da ƙwaya, tarihin gyaran layi da na kowane tarago, da guntun ƙarfen da ya karye. Idan kana gefen kamfani, kai ne za ka ba da umarnin adana su, domin hujjar da ta ɓace a hannun kamfani takan fi wadda ta fito yi masa illa.

A East Palestine ta jihar Ohio a Amurka, ranar 3 ga Fabrairu, 2023, taragai 38 suka goce saboda boris ɗin ƙafar wani tarago ya yi zafi har ya lalace. Akwai na'urori a gefen layi da ke auna zafin boris, kuma bayanansu sun nuna zafin yana hawa tun kafin a iso wurin. Wanda bai san da waɗannan na'urorin ba, ba zai nemi bayanansu ba. Daga baya kamfanin jirgin, Norfolk Southern, ya amince da biyan dala miliyan 600 ga mazauna yankin.

Ka sa a ranka cewa bincike uku ne ke tafiya lokaci guda, kuma ba manufarsu ɗaya ba. Hukumar binciken haɗurra tana neman dalili don kada a sake, ba ta rabon laifi. A Amurka doka ma ta hana a gabatar da rahoton NTSB a matsayin hujja a shari'ar neman diyya, don haka sai ka nemo naka ƙwararren. 'Yan sanda da hukumar tsaro suna neman wanda za a tuhuma. Masu neman diyya suna neman wanda zai biya. Bayan haɗarin Hatfield a Ingila a 2000, inda ƙarfen layi ya farfashe mutum 4 suka rasu, an ci tarar Network Rail fam miliyan 3.5, an ci kamfanin gyara Balfour Beatty fam miliyan 10, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 7.5. Mai layi da ɗan kwangilarsa duk sun sha.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe da gaske. Idan kamfani ne ya ɗauke ka, kuma ka zauna da direba don jin bayaninsa, ka gaya masa a fili cewa kai lauyan kamfani ne, ba nasa ba, kuma yana da damar neman nasa. Mutum ne da bai yi barci ba, mai yiwuwa ya ga gawa, kuma duk abin da ya faɗa zai iya komawa kansa. A Lac-Mégantic ma'aikata 3 aka gurfanar, aka wanke su a 2018 bayan shekaru suna ɗauke da tuhuma. Haka nan iyalan mamata ba kasuwa ba ne. Dokar Amurka ta hana lauya tuntuɓar su da tayin aiki har sai an yi kwana 45 da haɗarin jirgin fasinja, kuma ko a inda babu irin wannan doka, mutunci ya isa ya hana.

Sannan ka duba inshora tun da wuri. Kamfanin da ya ja jirgin Lac-Mégantic inshorar dalar Kanada miliyan 25 kawai yake da ita, ya kuma karye cikin makonni. Kuɗin da aka biya mutane daga baya, wajen dalar Kanada miliyan 450, sun fito ne daga kamfanoni da dama da ke da hannu a harkar, ciki har da masu man da masu taragai. Lauyoyin da suka bi sawun wa ke riƙe da me su suka samo wannan kuɗin.

Mataki na bakwai: ma'aikata, fasinjoji da maƙwabtan layi

Ma'aikacin reluwe yakan kasance ƙarƙashin doka ta musamman. A Amurka ba ya cikin tsarin diyyar ma'aikata na gama-gari, dokar FELA ta 1908 ce ke kansa. Sai ya nuna sakacin kamfani, amma Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Rogers ta 1957 ko sakacin ya taka rawa komai ƙanƙantarta, ya isa. Sakacin ma'aikacin kansa yana rage diyya ne, ba ya soke ta. Yajin aiki ma yana da tasa dokar ta 1926, mai dogon zangon sasanci, har a Disamba 2022 majalisar dokokin ƙasar ta tilasta yarjejeniya don hana yajin.

Fasinja a Tarayyar Turai yana da haƙƙin kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti idan jinkiri ya kai minti 60, kashi 50 idan ya kai 120.

Maƙwabtan layi kuwa sun fi ban tausayi. A shari'ar Herrington ta 1972, yaro ɗan shekara 6 ya bi ta shingen da ya karye ya taka layi mai lantarki. Ma'aikatan reluwe sun san shingen a karye yake, sun san yara na bi. Kotu mafi girma a Birtaniya ta ce ko wanda ya shiga ba da izini ba yana da haƙƙin a tausaya masa irin na ɗan Adam. Duk lokacin da ka samu irin wannan ƙara, ka nemi rajistar duba shinge da duk wani koke da aka taɓa kai wa kamfani kafin ranar.

Mataki na takwas: kuɗi da manyan kwangiloli

Wanda ba ya son zaman kotu yana da wuri a nan, kuma nan ne kuɗin aikin ya fi kauri. Kan jirgi da taragai kan yi shekaru 30 ko fiye suna aiki, yawanci da bashi ko haya ake samo su, kuma suna tsallaka iyaka. Damuwar banki ita ce idan mai bashi ya gaza, ina taragon yake, kuma kotun wace ƙasa za ta yarda nasa ne. Yarjejeniyar Luksambag ta 2007, wadda ta fara aiki ranar 8 ga Maris, 2024, ta kafa rajista ta duniya inda ake ba kowane tarago lamba mai alƙaluma 16 a rubuta jinginar da ke kansa. Luksambag da Gabon da Suwidin da Sifaniya ne suka fara shiga. Sabon abu ne, waɗanda suka san shi ba su da yawa, kuma matashin lauya zai iya yin suna a kai.

A kwangilar ba da layi ga kamfani, sashen da zan ce ka fi daɗewa a kai shi ne wanda ya raba gyaran yau da kullum da sabunta layi. Wa zai sauya ƙarfen da ya tsufa? Wa zai sake gina gadar da ruwa ya ci? A wane hali za a mayar da layin ranar da wa'adi ya cika, kuma wa ya rubuta halin da yake ciki ranar da aka karɓa? Kenya da Yuganda sun ba Rift Valley Railways layinsu a 2006 na shekara 25, amma Kenya ta kawo ƙarshen yarjejeniyar a 2017, ana ta taƙaddama kan kuɗin da ba a biya ba da yawan kayan da ba a kai ba. Ka rubuta sashen rabuwa da na sasanci tun ana dariya da juna.

A aikin gina layi za ka haɗu da kwangilolin FIDIC, wato samfurin kwangilar gini da ake amfani da shi a ƙasashe da dama, da karɓar filaye don amfanin jama'a, da rahoton tasirin aiki ga muhalli. Maganar fili ce ta fi jinkirta aiki, domin layi ba ya iya kewaye gona ɗaya da aka ƙi bayarwa.

Mataki na tara: wa'adi

A bangon kowane fayil, kafin komai, ka rubuta ranar da haƙƙi zai faɗi. A CIM shekara 1 ce ga yawancin ƙararrakin kaya. A Carmack kwangila za ta iya taƙaita lokacin gabatar da buƙatar diyya zuwa wata 9, da shekara 2 na shigar da ƙara bayan an ƙi biya. A FELA shekara 3. A FIDIC ɗan kwangila yana da kwana 28 ya ba da sanarwa, in ya wuce ya rasa ƙarin lokaci da ƙarin kuɗi. Inda reluwe na gwamnati ne, ka duba ko doka ta ce sai an ba hukuma sanarwa kafin ƙara, domin irin wannan wa'adin yakan fi kowanne gajarta.

Sau da yawa a makon farko ba za ka tabbatar da dokar da ke mulkin fayil ba, musamman idan kwantena ta bi ruwa ta bi layi ta bi mota. A irin wannan hali ka lissafa duk wa'adodin da ka iya shafar ta, ka ɗauki mafi gajarta a matsayin naka, ka aika takardar neman diyya ga kowane mai dako da sunansa ya fito a takardun. Wanda ya ce ba shi ba ne, ka nemi ya rubuto cewa ya yarda a tsawaita wa'adi har a gama bincike. In ya ƙi, ka shigar da ƙara da sunansa a ciki.